Ƙanena kurma ne, yanzu idonsa ma yana tafiya

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ya aiki? Ina sauraron shirinki kullum, yau ni ma na kawo tawa.

Ƙanena shekararsa 19, kuma kurma aka haife shi. Da maganar hannu muka taso a gidanmu, ni ce ma na fi kowa iyawa, shi ya sa komai nasa ta kaina yake bi. Ya yi karatu, yana rubuta saƙo a waya. Tun yana ɗan shekara 12 muka lura ba ya gani da daddare, muka ce dundumi ne, zai wuce. Bai wuce ba. Bara likitan ido ya ce mana cutar Usha ce, ta gado, wadda ke haɗa kurumta da lalacewar ido a hankali. Ganin gefe ne ke fara tafiya, sai mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma babu maganin da ke mayar da abin da ya tafi.

Idan an ɗauke wuta, fitilar waya nake haska hannuna ya ga abin da nake faɗa. Ran nan fitilar ma ba ta ishe shi ba. Sai ya kama wuyan hannuna biyu yana bin motsinsu, har ya gane tuwo nake cewa ya zo ya ci. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Daga baya na ji cewa haka masu wannan lalura ke zance a ƙasashe da yawa, hannu a kan hannu, ko a zana musu harafi a tafi. Akwai kuma rubutun makafi na Burel mai ɗigo shida, har da na'urar da ake haɗawa da waya, ƙusoshinta su riƙa tasowa mutum ya karanta saƙo da yatsa. Kuɗinta ya fi ƙarfinmu a yanzu, amma koyon rubutun ba zai gagare mu ba, tunda ga makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki nan kusa.

Matsalar ita ce ya ƙi. Da na kawo masa takarda mai ɗigon, ture ta ya yi, ya ce shi ba makaho ba ne. Baba kuma ya ce in daina yi wa yaro mugun fata, a bar wa Allah. Ni ma ga Allah na dogara, Hajiya, amma ina ganin yanzu da yake da sauran gani ne koyon zai yi masa sauƙi, don zan iya bayyana masa da hannu yana kallo.

Ta yaya zan shawo kansa ba tare da na karya masa zuciya ba? Kuma wa zan sa ya yi wa Baba magana, kawunmu ko limamin unguwa?

Taki mai sauraro,
daga Kano