Wasiƙa: Ci 18 da 17 kaɗai ba ya faɗin abin da ya faru a kan teburin sunuka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu don mu yi magana kan yadda ake kawo labarin wasan ƙarshe na sunuka (snooker), wasan da ake buga farar ƙwallo da sanda don ta jefa sauran ƙwallaye a ramukan tebur. Abin da mai karatu ya saba gani layi ɗaya ne: wane ya doke wane da ci 18 da 16, ya ɗauki kofi. Wannan lamba ba ta ishi mai son wasan ba. Wasa ne na kwana biyu cur, kuma sau da yawa inda kofin ya kuɓuce wa mutum yana can tsakiya, a wani zubin da ba wanda ya ambata.

Mu ɗauki gasar cin kofin duniya, wadda tun 1977 ake yin ta a zauren Crucible da ke Sheffield a Ingila, zauren da kujerunsa ba su cika dubu ba. 'Yan wasa 32 ne ke shiga, a yi kwana 17 ana fafatawa, a ƙarshe mutum biyu su rage. Wasansu zubi 35 ne iyaka, wanda ya riga kai 18 shi ne zakara, kuma a 2025 zakaran ya tafi da fam 500,000. Zubi shi ne abin da masu sharhi ke kira firem, wato daga jera ƙwallaye har a san wanda ya ci, sannan a sake jerawa. Ana raba 35 ɗin gida huɗu: zubi 8 da rana da 9 da dare a ranar farko, sai 8 da 10 washegari. Tunda 17 ne a ranar farko, dole wani ya kwana a gaba. A kowane zama kuma akwai hutun minti 15 bayan zubi na huɗu, kuma hutun nan yakan karya lagon wanda hannunsa ya yi zafi.

Wanda zai bi wasan zubi bayan zubi, abu na farko da zai riƙe shi ne lissafin makin da ya rage a tebur. Jajayen ƙwallaye 15 ne, kowace maki 1. Rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. In ka jefa ja a rami sai ka zaɓi mai launi, alƙalin wasa ya ɗauko ta ya mayar gurbinta, ka sake neman ja. Saboda haka kowace ja da ke kan tebur darajarta 8 ce, ita da baƙar da za ta iya biyo bayanta, masu launi shida kuma jimlarsu 27. Ƙirga jajayen da suka rage, ka ninka sau 8, ka ƙara 27. Ja biyar sun rage, saura 67 ke nan. Ja ɗaya, saura 35. In jajaye sun ƙare sai a jefa masu launi bi da bi daga rawaya zuwa baƙa, lissafin ya sauko haka: 27, 25, 22, 18, 13, 7. A haddace waɗannan lambobi shida, domin a kansu ake yanke hukuncin yawancin zubin da ya yi zafi.

Da wannan ne ake gane ƙwallon da ke rufe zubi, wadda da zarar ta faɗa rami tazarar ta fi abin da ya rage. Misali, ɗan wasa ya jefa ja 9 da baƙa 9, yana da 72, abokin karawarsa bai da ko ɗaya. Mai kallo zai ɗauka an gama. Ba a gama ba, ja shida ne a tebur, wato 75. Sai ya jefa ta goma, ya kai 73 alhali abin da ɗayan zai iya samu ya koma 67, sannan zai numfasa. Ku lura da kyau a daidai wannan ƙwallo. Nan ne hannu ke yin nauyi, mutum ya ɗaga kai kafin sanda ta gama tafiya, ko ya fizgi bugun maimakon ya sake shi a hankali, ƙwallon da ya jefa sau dubu a atisaye ta bugi leɓen rami ta fito.

Abu na biyu shi ne wa ya fara samun dama, kuma me ya yi da ita. Buɗe zubi karɓa-karɓa ne. Mai buɗewa yakan shafi jar da ke can gefen tarin, farar ƙwallo ta bi bango ta kewaye shuɗiya ta dawo can ƙasan tebur, kusa da bango, bayan rawaya ko koriya ko ruwan ƙasa. In ya kama jar da kauri, ko farar ta ci karo da shuɗiya a hanya, to ya bar wa abokin hamayya ja mai nisa da zai gwada. Tebur ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ramukan kuma matsattsu ne, don haka jefa ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan shi ne ma'aunin farko na wanda idonsa ya buɗe a ranar. Daga nan sai batun fasa tarin jajaye. Jajayen da ke warwatse kan ƙare bayan maki 20 ko 30, dole ɗan wasa ya bar wa kansa kusurwa mai kyau a kan baƙa ko shuɗiya yadda zai jefa ta, farar kuma ta faɗa cikin tarin. In ya yi sanyi farar ta maƙale a cikinsu. In ya yi ƙarfi ba saiti wata ja ta gangara bango, ko ta toshe hanyar baƙa. Baƙa in ta toshe, zubin ya sauya kama gaba ɗaya, domin sai a koma neman shuɗiya a tsakiyar tebur, tafiyar fara ta ƙaru, kuskure ya ƙaru. Mai rahoto da ya rubuta cewa wane ya tsaya a 40 saboda fasawa ba ta ba shi komai ba, ya faɗi gaskiyar zubin fiye da wanda ya kawo maki kawai.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. Wani lokaci ɗan burbushin alli kan shiga tsakanin fara da ƙwallon da ta buga, sai ka ji ƙara marar daɗi, ƙwallon ta ɗan yi tsalle ta kauce, farar kuma ta tsaya ba inda aka nufa ba. Shi ya sa za ku ga ɗan wasa ya nuna fara, alƙali ya sa alama a gurbinta, ya ɗauke ta da farar safar hannunsa ya goge, ya mayar daidai inda take.

In tazara ta fi abin da ya rage, zubi bai mutu ba tukuna. Wanda ke baya zai koma ɗana tarko, ya ɓoye fara a bayan wata ƙwallo yadda ɗayan ba zai ga wadda ya kamata ya buga kai tsaye ba. Kuskure mafi ƙanƙanta maki 4 ne da ake ba abokin karawa, yakan kai 5 ko 6 ko 7 in ya shafi shuɗiya, ruwan hoda ko baƙa. Wanda ake binsa 35 alhali 27 suka rage, tarko biyu yake nema kafin ya yi kunnen doki, a dawo da baƙa gurbinta a raba gardama a kanta. Ƙwararru kan ci gaba in tarko ɗaya ne ko biyu. Abin da ya fi haɗari shi ne a yi kuskure kuma a bar mutum ba ya ganin ko ja ɗaya sosai, domin alƙali zai ba shi izinin zaɓar kowace ƙwallo a matsayin ja, ya bi ta da mai launi, maki 8 da babu su a lissafi su shigo. Sai dokar da ke rikita sabon mai kallo: in alƙali ya ga ɗan wasa bai yi iyakar ƙoƙarinsa wajen taɓa ƙwallon ba, abokin karawarsa na iya cewa a mayar da komai yadda yake a sake bugawa. A haka mutum kan zubar da maki 16 ko 20 a wuri ɗaya. In kuwa yana ganin ƙwallon sarai ya kasa taɓa ta sau uku a jere, bayan an gargaɗe shi, ya rasa zubin.

Wasan ƙarshe na 1985 ya ishe mu hujja. Steve Davis ya ci zubi 8 na farko a jere a kan Dennis Taylor na Ailan ta Arewa. A na tara koriya ta ƙi masa, Taylor ya ci, daga nan ya farfaɗo har aka kwana 9 da 7 (a wancan wasan zubi 16 aka yi a ranar farko). Davis ya sake yin gaba 17 da 15, Taylor ya rama biyu. A zubi na 35 Davis na da 62, Taylor 44, ƙwallaye huɗu suka rage, wato 22. Tazarar 18 ce, ke nan Taylor sai ya jefa duka huɗun. Ya jefa ruwan ƙasa daga nesa, ya bi da shuɗiya da ruwan hoda, ya kai 59, kofin duniya ya rataya a kan baƙa ɗaya. Suka yi ta kai da komo a kanta. Taylor ya kuskure, ya bar wa Davis ita kusa da ramin kusurwa, sai dai tana buƙatar a shafe ta a gefe. Davis ya shafa fiye da kima, ta ƙi shiga. Taylor, da manyan tabarau ɗinsa, ya duƙa ya jefa ta, 66 da 62, ya ɗaga sanda sama da kansa. Zubin ya ci minti 68, an tashi bayan ƙarfe 12 na dare, mutum miliyan 18.5 na kallo a talabijin a Birtaniya. A tsawon kwana biyun nan Taylor bai taɓa shiga gaba a yawan zubi ba sai da wannan baƙar ta faɗa. Wanda aka ba shi 18 da 17 kawai, ina zai san labarin koriyar zubi na tara?

Zuwa 2025, sau uku kacal aka kai zubi na 35 a wasan ƙarshe a Crucible, na 1985 ɗin nan shi ne na farko. Na biyu a 1994, inda Jimmy White yana gaba 37 da 24 ya kuskure baƙa a kan gurbinta, Stephen Hendry ya share tebur da 58. Na uku a 2002, Peter Ebdon ya doke Hendry.

Amma ba sai an kai 35 wasa ke yin zafi ba. A 2018 Mark Williams ya yi gaba 14 da 7 a kan John Higgins, aka shiga zaman ƙarshe 15 da 10. Higgins ya ci biyar a jere, wasu daga ciki ƙwace su ya yi daga baya bayan Williams ya tara maki masu yawa. Wannan irin zubin, wanda aka sace, ya kamata a yi masa alama ta musamman a rahoto, domin ciwonsa ya ninka na wanda aka rasa ba a ko tashi daga kujera ba. Williams ya daure ya kai 17 da 15. A zubi na 33 yana kan 63 ya kuskure ruwan hodar da za ta ba shi kofi, Higgins ya share da 65. A na gaba Williams ya yi 69 ya rufe wasan 18 da 16, yana da shekara 43. Haka a 2023, Luca Brecel na Beljiyam yana gaba 16 da 10, Mark Selby ya jawo shi zuwa 16 da 15 kafin Brecel ya ci biyun ƙarshe. A wannan wasan ne Selby ya yi 147, mafi yawan makin da ja 15 da baƙa 15 da masu launi shida ke bayarwa, karo na farko a wasan ƙarshe na kofin duniya, kuma duk da haka zubi ɗaya tak ya ƙara masa.

Roƙonmu, Malam Edita, ba mai tsada ba ne. Wanda kuka ɗora wa aikin ya ja layi a takarda tun kafin a fara: lambar zubi, wa ya buɗe, makin kowa, jeren maki da ya kai 50, wa ya fara samun dama, da minti nawa aka ɗauka. Tsawon lokaci na da amfani, domin zubin da aka gama a shiga ɗaya bai cika wuce minti 15 ba, na ɓoye-ɓoye kuwa kan haura 40, kuma yawaitar irinsa alama ce wanda ya fi haƙuri ya ja wasan zuwa gonarsa. Alƙaluman da talabijin ke nunawa, kamar kashi nawa cikin 100 na ƙwallayen da aka gwada suka shiga, a ɗauke su zama-zama, kada a jira jimla. Mutum na iya nuna kashi 90 a jimla alhali a zaman ƙarshe na daren rana ta biyu hannunsa ya riga ya mutu. In fili ya yi ƙaranci, a kawo sakamakon zama huɗun a jere, a zaɓi zubi biyu ko uku da aka ƙwace daga baya, a faɗi ƙwallon da aka kuskure da makin da ya rage a tebur a lokacin.

Mun gode da filin da kuka ba mu. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wasu masu bibiyar wasan sunuka