Sanarwa kan rasuwar da aka turo jiya

Salama ƴan'uwa cikin Almasihu. Tun da aka turo labarin rasuwar tsohon ɗan gurup ɗin nan na ga wasu na sa sitikar dariya, wasu na rubuta "alhaki ne ya kama shi". Don Allah a daina, na goge su.

Ba wanda ya ce bai cuce mu ba, ya cuce mu ƙwarai, kuma ba za mu yi ƙarya mu ce waliyyi ne ba. Amma ku duba Dawuda mana. Saul ya jefe shi da mashi, ya bi shi daji-daji yana neman ransa, har Mikal matar Dawuda ya ɗauka ya ba wani, amma da Saul ya mutu a dutsen Gilbowa Dawuda yage tufafinsa ya yi, ya yi kuka da azumi har yamma, ya kuma yi wa Saul da ɗansa Yonatan waƙar makoki, ku karanta 2 Sama'ila 1. Har mutanen Yabesh-gileyad da suka binne gawar ya aika ya sa musu albarka. Karin Magana 24:17 ma ta hana mu murna in maƙiyi ya faɗi.

Wanda zuciyarsa ke zafi har yanzu ba a tilasta masa rubuta komai ba, shiru ma ya isa, ko ya same ni ta gefe mu yi addu'a tare. Ku tuna matar mamacin da yaransa ba su yi mana komai ba, kuma ƙanwarsa tana cikin gurup ɗin nan tana karantawa.

Masu son zuwa gaisuwa su rubuta sunansu a ƙasa kafin Alhamis.