Rukunin Gidaje: A Daidaita Saurin Ma'aikata Kafin a Haƙa Rami

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda ’yan kwangila ke tsara ginin rukunin gidaje masu fasali ɗaya. Galibi sai a haƙa ramin fandisho na gida 40 a tashi ɗaya don mai aiki ya ga an kama gadan-gadan. Damina ta sauka, ramuka su cika da ruwa, gefensu ya zabtare, a sake biyan lebura kuɗin yasa.

Akwai tsarin layin daidaito, wanda kamfanin Goodyear na Amurka ya fara amfani da shi a shekarun 1940, daga baya magina suka ɗauka. Ana zana jadawali, kwanaki a kwance, lambar gidaje a tsaye, kowace tawagar ma'aikata da layinta. Inda layi biyu suka haɗu, nan wata tawaga za ta zauna jiran wata.

Misali, a ce masu fandisho na gama gida a kwana 3, birkiloli na kai bulo linta su wuce a kwana 6, kafintoci na rufi a kwana 2. Tawagar birkila ɗaya za ta ci kwana 240 a gida 40, don haka a sa biyu, a riƙa samun gida duk kwana 3, aikin ya dawo kwana 120. Kafintoci kuwa sun fi kowa sauri, kuma nan ake yawan kuskure. In aka kira su da zarar gidan farko ya tashi, kowane gida sai sun yi zaman kwana ɗaya, kuma kafinta ba ya jira, wani aikin zai kama, ranar da ake nemansa ba a ganinsa. Ko dai a rage yawansu su koma kwana 3 a gida, ko su fara kwana 45 bayan birkiloli, su bi gidajen a jere ba tsayawa.

A kuma bar tazarar aƙalla gida biyu tsakanin tawaga da tawaga, saboda ruwan sama ko makarar motar yashi. Kankare ba ruwansa da jadawali: yana son ban ruwa na kwana 7, ƙarfinsa na cika a kwana 28. Inda akwai dakin, wato rufin kankare, yawan kwanakin da katako zai yi a ƙarƙashinsa ne zai nuna saiti nawa za a saya. Siminti ma a riƙa kawo na gida biyar-biyar, don wanda aka jibge a sito daskarewa yake yi.

Wassalam,
Wani injiniyan gine-gine, Kaduna