Sanarwa ga ƴan rukuni: kafin a mayar da hob

Assalamu alaikum, iyayen gida da ƴan'uwa makanikan manyan motoci na Zariya.

Don Allah a ja kunnen yaran gareji. Kada kowa ya taɓa hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, alhali mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta an kuma sa waigi. A wanke boris, wato abin da hob ke juyawa a kansa, da kananzir ko dizal. Ban da fetur, domin yana kama wuta nan take. Ƙurar birki kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, a daina hure ta da iska, domin wasu tsofaffin birki suna da wani sinadari, asbestos, mai lalata huhu.

Abin da ya fi damuna shi ne dubawa. Bayan boris ya bushe, a kai shi cikin haske a juya shi da hannu. In an ga rami-rami, ko ya yi shuɗi saboda zafi, ya gama aiki. A canja shi tare da kofinsa, wato zoben ƙarfen da yake zama a ciki, ko da direba yana sauri. Sil, wato robar da ke hana giris zuba, kullum a sa sabo. A kankare tsatsar fuskar hob, a duba tsagewa wajen ramukan kusoshi, sannan a sa giris mai tsabta.

Ku gaya wa direba ya sake ɗaure notin taya bayan kamar kilomita 100. Mai zuwa Kano daga Kwangila ya tsaya ya duba kafin ya shiga gari.

Allah ya tsare mu.