Rahoton Ayyukan Shekara: Matsayar Ƙungiya Kan Haɗa Dokin Teku da Kifaye Mafarauta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, shugaba, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa masu kiwon kifin ruwan gishiri a tankin gilashi, ga rahoton abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Bayanin shige da ficen kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto nasa daban. Nawa ya shafi ayyuka ne, kuma za ku ga na daɗe a kan batu guda, domin shi ya fi cin lokacinmu a bana.

Tarukanmu na wata-wata sun ci gaba, sai na watan azumi da muka ɗage kamar yadda aka saba. Haɗa kuɗi don sayo gishirin haɗa ruwan teku a sari ya rage wa kowa tsada, kuma na'urar auna gishirin ruwa da ƙungiya ta saya ba ta zauna ba, daga wannan gida sai wancan. Sababbin mambobi sun sami darasin farko: gishirin girki ba ya yin wannan aiki, ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma idan ruwa ya ragu saboda zafi, ruwa mai tsabta marar gishiri ake ƙarawa, tunda ruwan ne ya tashi, gishirin yana nan.

Batun dokin teku

Tun farkon shekara sha'awar dokin teku, wato ƙaramin kifin nan mai kai irin na doki, ta kama mutanenmu. Da yawa daga cikinsu sun riga sun mallaki tanki mai manyan kifaye, don haka tambayar da ta dinga dawowa a dandalinmu na WhatsApp ita ce: “Zan iya zuba shi a cikin wanda nake da shi?” Kafin kwamiti ya ce uffan, wani ɗan'uwanmu ya riga ya gwada. Mai sayarwa ya ce masa babu komai, ya haɗa dawakan teku biyu da ɗan ƙaramin kifin zaki, wato Pterois volitans, mafarauci mai ƙayoyi masu dafi. Ya ba mu izinin ba da labarin don wasu su amfana, Allah ya saka masa da alheri.

Da muka je duba tankin, ba mu ga faɗa ba. Abin da muka gani ya fi faɗa tayar da hankali. An zuba ƙananan jatan lande na maisis a ruwa. Dokin teku yana maƙale da wutsiyarsa a jikin reshen murjani, ido ɗaya yana bin abincin, ɗayan yana kallon wani gefen. Ya sunkuyar da kai a hankali, ya matso, ya tsaya yana nazari. Kafin ya kai dogon bakinsa, kifin zakin ya buɗe fukafukansa ya share wurin. Haka aka yi ta yi har abincin ya ƙare. Da muka duba cikin dawakan, gefensu ya lotsa ciki tsakanin zobban ƙashi, alamar sun daɗe ba su ƙoshi ba. Ɗaya bai kai ƙarshen watan ba. Ɗayan an mayar da shi tankin wata Hajiya daga cikin mambobinmu, kuma ya farfaɗo.

Wannan ne ya sa muka ware zama biyu a jere kan maganar. Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne yadda Allah ya halicci wannan kifi. Ba shi da haƙori, ba shi da tumbi. Zuƙar abinci yake yi ta bakinsa mai kama da bututu, abincin ya bi hanji ya wuce da sauri, shi ya sa sai an ciyar da shi aƙalla sau biyu ko uku a yini. Iyonsa kuma na tafiyar hawainiya ne. Ɗan siririn fiffiken bayansa ne ke tura shi, har ma ƙaramin nau'in da ake kira Hippocampus zosterae an san shi a matsayin kifin da ya fi kowane rashin sauri a duniya, ba ya wuce kimanin mita ɗaya da rabi a awa guda. A teku, kariyarsa ita ce ɓuya: ya saje da ciyawa, ya tsaya cik. A cikin gilashi mai bango huɗu babu inda zai ɓuya na dindindin.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. Kifin zaki yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa, kuma wanda ka sayo kamar tsawon yatsa zai iya kai santimita 35 ko fiye. Irin ɓarnarsa ba ɓoyayya ba ce. Asalinsa daga tekun Indiya da Fasifik ne, amma tun da aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985 ya bazu har yankin Karibiyan, yana cinye ƙananan kifayen wurin. Kifin gurufa shi ma haɗiya yake yi. Kifin tiriga da talibambam na teku ba sa buƙatar haɗiyewa, haƙoransu na fasa ƙaguwa da katantanwa ne, cizo ɗaya a wutsiya ko a baki ya isa. Dokin tekun da bakinsa ya lalace ya daina cin abinci ke nan. Kifin more mai siffar maciji da dare yake farauta, da ƙamshi yake bin abinci, daidai lokacin da dokin teku ke maƙale wuri ɗaya. Kifin kwaɗo kuwa yana iya haɗiye abin da ya kai girmansa.

An yi muhawara, kuma ya dace a rubuta ta yadda aka yi. Wasu sun ce jikin dokin teku sulke ne na ƙashi, babu kifin da zai so shi. Gaskiya ne sulken yana rage masa maƙiya, amma an sha samun dawakan teku a cikin kifayen tuna da tsuntsayen teku, kuma ƙaguwa na cin su. Ballantana ma kifin da ya cafke ya tofar ya riga ya yi illar. Wasu kuma sun kawo misalin ƙaramin kifin zaki, Dendrochirus brachypterus, wanda ba ya girma sosai kuma ba shi da hanzari, suka ce akwai masu haɗa shi da manyan dawakan teku. Akwai su. Amma a ganina, kuma shi ne ra'ayin da ya yi rinjaye, wanda ya ba kura ajiyar nama ba zai kafa hujja da cewa yau ba ta taɓa ba. Ko bai ci babba ba zai ci 'ya'ya, kuma ƙayarsa mai dafi tana nan, alhali dokin teku yana naɗe wutsiyarsa a kan duk abin da ya samu.

Shawarar da ta fi jan hankali ita ce ta wani Malami daga cikin dattawanmu, cewa a raba tankin biyu da allon gilashi mai huji. Mun ɗauke ta da muhimmanci, mun tattauna ta sosai. Allon zai hana cizo da ƙwacen abinci, amma ruwan ɗaya ne, kuma a ruwan ne sauran matsalar take. Mafarauci nama yake ci da yawa, kashinsa da ragowar abincinsa suna ɗaga amoniya da naitiret (nitrate), wato sinadaran ƙazanta a ruwa, alhali tankin dokin teku yana son amoniya da wani sinadarin, naitirait (nitrite), su zama babu ko kaɗan, naitiret kuma ya yi ƙasa sosai. Tankin manyan kifaye yakan zauna a digiri 25 zuwa 27, masu kiwon dokin teku kuwa sun fi son 22 zuwa 24, domin ƙwayar cutar Vibrio, wadda ke ruɓar musu da wutsiya da baki, ta fi yaɗuwa a ruwa mai ɗumi. Manyan kifaye suna son famfo mai ƙarfi, dokin teku kuwa yana buƙatar wuraren da ruwa ya lafa. Ga kuma cewa yawancin mafarautan daga teku aka kamo su, suna zuwa da cututtukan da dokin tekun da aka haifa a gidan kiwo bai taɓa haɗuwa da su ba. Malam da kansa ya janye shawarar bayan an zayyano waɗannan.

Matsayar da babban taro ya amince da ita ita ce: dokin teku tankinsa daban. Ƙungiya ba za ta taimaka wa kowa wajen sayo shi ba sai kwamitin duba tankuna ya je ya ga wurin da aka tanada. Ga namiji ɗaya da mace ɗaya na matsakaicin nau'i kamar Hippocampus erectus, tankin kada ya gaza lita 110 zuwa 120, kuma ya zama mai tsayi, domin sama suke tashi tare lokacin da mace ke zuba ƙwai a jakar namiji. A sa abubuwan maƙalewa da yawa, a rufe bakin famfo da raga, a kuma sa wa na'urar ɗumama ruwa kariya don kada ta ƙona wutsiya. Animoni, wato halittar teku mai kama da fure, da murjani masu harbi ba su da wuri a ciki.

Wanda yake ganin tankin ya yi fayau zai iya ƙara abokan zama masu sanyin hali: ƙananan kifayen gobi, kifin wuta Nemateleotris magnifica, kadinal na tsibiran Banggai da ke Indonesiya, da dodon koɗi mai share ragowar abinci. Shi kadinal ɗin a nemi wanda aka haifa a gidan kiwo, tunda tun 2007 yake cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Kifin kilawun da yara ke so mun sa shi a layin a yi hattara, domin idan ya girma yakan kama yanki ya kori kowa. Kowane sabon kifi sai ya yi mako huɗu zuwa shida a killace. Ciyarwa kuma a saba musu da ɗan kwano a wuri ɗaya, ta haka mai tanki zai ga wanda ya ci da wanda bai ci ba.

Zafi da wuta

A nan ne yanayinmu ya bambanta da na waɗanda muke karanta bayanansu. A Kano zafin watan Afrilu yana kai digiri 40, ga ɗauke wuta. Riƙe ruwa a digiri 24 a irin wannan lokaci sai da na'urar sanyaya ruwa, ita kuma sai da sola ko inbata mai ƙarfi. A bazarar bana mambobi sun yi ta taimakon juna da gorunan ƙanƙara a rufe da ƙananan fankoki a saman ruwa, kuma hakan ya ceci tankuna. Amma dabara ce ta kwana ɗaya ko biyu, hawa da saukar zafi da kansa yana wahalar da kifi. Don haka muka ƙara sharaɗi: wanda bai da tabbatacciyar hanyar sanyaya ruwa ya haƙura da dokin teku tukuna. Na san wannan ya ɓata wa wasu rai, ina ba su haƙuri, amma na fi son ɓacin ran da ganin halittar Allah tana mutuwa a hannunmu bayan mun san dalili.

Inda ake samo su

Mun gabatar da lacca kan doka. A 2002, a birnin Santiyago na ƙasar Chile, aka sa dukan nau'o'in dokin teku a rukuni na biyu na CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, hukuncin ya fara aiki a watan Mayun 2004. Ma'anarsa, ba a ƙetare iyakar ƙasa da su, a raye ko a bushe, sai da takardar izini, kuma Najeriya tana cikin wannan yarjejeniya. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin gaɓar tekunmu tana da nata nau'in, Hippocampus algiricus, wanda ake samu daga Senegal har Angola. Yana faɗawa komar masunta ba da niyya ba, a busar da shi a kai Asiya don haɗa magungunan gargajiya, kuma hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu rauni da ake fargabar ƙarewarsu. 'Yan'uwanmu mazauna Legas sun ce akan yi musu tayin masu rai a bakin ruwa da araha. Mun roƙe su kada su saya. Wanda aka kamo daga teku sau da yawa ba ya karɓar daskararren abinci, sai mai rai, kuma kowane ciniki yana ƙarfafa a sake kamo wani. Bayanan ƙungiyar Project Seahorse, wadda Amanda Vincent da Heather Koldewey suka kafa a 1996, sun taimaka mana wajen shirya laccar.

Masu kiwon kifin zaki su ma ba mu bar su ba. Wani likita daga cikinmu ya nuna abin da ake yi idan ƙaya ta soki mutum: a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 40 zuwa 45, na tsawon minti 30 zuwa 90, sannan a tafi asibiti. Babu wanda ya ce kiwon mafarauta laifi ne. Kifaye ne masu kyau da kwarjini, tankinsu kawai za a ware musu.

Abin da ya rage

Tankin killacewa na ƙungiya bai kammala ba, an sami gilashi da famfo, saura na'urar sanyaya ruwa. Abin farin ciki kuma, namijin dokin tekun da ke wurin Hajiya ya haihu gab da ƙarshen shekara. Rainon 'ya'yan yana buƙatar ƙyanƙyasar atimiya, wato ƙananan jatan landen da ake ciyar da su, sabuwa kullum, kuma aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa, don haka muna neman masu sa kai da ke kusa da ita. Takardar sharuɗɗan da aka amince da su za a raba ta a taro mai zuwa. Duk mai tankin da a yanzu yake haɗe da dokin teku da ɗaya daga cikin kifayen da aka ambata ya sanar da kwamiti kafin ranar, akwai mambobin da suka yarda su karɓi riƙo har ya kammala nasa tankin.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa