Halin da Ma'aji yake ciki, da maganganun da ke yawo

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna Amurka.

Ma'aji yana nan a asibiti. Ya fara gane mutane, amma ƙafar hagu ba ta motsi tukuna. Likitoci sun tabbatar ƙwayar cutar West Nile ce ta kumbura masa ƙwaƙwalwa. Allah ya ba shi lafiya.

Sauro ne ke kawo ta, wanda ake kira Culex, mai fitowa daga magariba zuwa asuba, ba irin na maleriya ba. Mazaunin ƙwayar jikin tsuntsaye ne: sauro ya ciji tsuntsu mai ita, bayan kwanaki ya ciji mutum. A Yuganda aka fara gano ta a 1937, ta ɓulla New York a 1999, shekarar da hankaki suka yi ta faɗowa matattu. Cikin mutum goma da suka kamu, kusan takwas ba sa jin komai. Wajen mutum ɗaya cikin 150 ne take ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa ko laka, sai sanƙarewar wuya, ruɗewa, jijjiga, wani lokaci shanyewar gaɓa. Dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini sun fi shiga haɗari, kuma mu nan rabinmu ke nan. Babu allurar rigakafinta ga mutane.

Yanzu ga abin da ya ɓata mana rai. Ba a ɗaukar wannan cuta ta gaisawa ko cin abinci tare. To waɗanda suka hana iyalansu zuwa duba Hajiya, maiɗakin Ma'aji, wane uzuri ya rage? Mutumin nan shi ke fara ƙwanƙwasa ƙofa duk ranar da ɗayanmu ya yi rashi. Masu cewa sammu ne don sun ji yana sambatu, har ana tura saƙon murya gida ana ambaton sunaye, ku ji tsoron Allah. Mahaifiyarsa a bakin 'yan unguwa ta ji. Wanda kuma ya yi ta ɗura masa maganin maleriyar da aka zo da shi daga gida, mun san da alheri ya nufa, amma ya ja masa jinkiri. Zazzaɓi da ruɗewa a watannin zafi, asibiti kai tsaye.

A zubar da ruwan da ya kwanta a bokiti da tukwanen fure, a gyara ragar taga, a shafa maganin sauro kafin fita sallar isha'i.

Taron wata: Lahadi bayan la'asar, wurin da aka saba.
Littafin kuɗi yana hannun Mataimakin Ma'aji.
Masu bashin kuɗin wata, gudummawar asibiti daga nan za ta fito. A biya kafin Juma'a.

Wassalam,
Shugaba da Sakatare, a madadin kwamiti