Roƙon Tallafi: A Taimaka Wa Ɗalibanmu Su Ga Teku Da Kogo Da Idonsu

Assalamu alaikum iyaye, tsofaffin ɗalibai da sauran al'ummar unguwa.

Kwamitin iyaye da malamai ne ke miƙo ƙoƙon bara a madadin 'yan ajin ƙarshe masu karatun ilimin halittu. Duk wanda ya leƙa ɗakin gwajinmu ya ga abin da muke nufi. Ƙaguwa ɗaya ce a cikin kwalba, ruwan maganin ya ƙafe, ƙafafunta sun karairaye. Hoton jemagen da ke bango ya koɗe, sai malami ya nuna da sanda ake gane fiffike. Da waɗannan ake koya wa yaranmu rayuwar bakin teku, alhali WAEC da NECO za su tambaye su a kai kamar yadda za su tambayi ɗan Legas da ya tashi yana ganin ruwan. Haddacewa kawai suke yi.

Malamansu sun tsara tafiya zuwa wurare biyu. Na farko kogon Ogbunike a jihar Anambra, inda ake sauka matakala 317 kafin a isa bakinsa, a kuma cire takalma bisa al'adar wurin. Can za su ga dandazon jemagu cikin duhu, su fahimci yadda jemage mai cin ƙwari ke gane hanya da amsa-kuwwar kukansa, da yadda kashinsa ke ciyar da ƙwarin da ba sa ganin rana. Daga nan sai Legas, gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990, da gaɓar teku, inda ruwa ke cika ya janye sau biyu a yini, ƙaguwa na haƙa rami a laka, bishiyoyi na fito da saiwoyinsu sama don su sha iska. Allah Ya ce a Suratul Ankabut a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fari halitta. Abin da muke son yaran nan su yi ke nan.

Bara ma an shirya. Yara suka wanke kaya, wasu har sun sayi littafin rubutu na musamman, iyaye mata suka soya ƙuli-ƙuli da dambu. Aka yi alkawura a taro, aka tafa, amma da ranar biyan kuɗin mota ta zo, wayoyi da dama suka daina shiga. Malamin da ya sanar da yaran an fasa ya kasa haɗa ido da su. Ba za mu manta da wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai a ƙofar makaranta ba, wadda ta kawo cinikinta a ƙulle a bakin zane, ita da ba ta da ɗa ko ɗaya a ajin. Da aka mayar mata ta ce a ajiye har tafiyar ta yiwu. Yana nan a ajiye. Allah Ya saka mata da Aljanna.

Mun san ana cikin matsi, wallahi mun sani. Amma 'yan'uwa, a unguwar nan ake fitar da anko kala uku a biki guda, ba a ji wanda ya ce babu ba.

Abin da iyaye suka tara bai kai rabi ba. Saura kuɗin mota, masauki, abinci da na shiga wuraren, ga marayu a ajin da kwamiti ya ɗauki nauyinsu. Mai motar ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Mai kuɗi, mai buhun shinkafa, mai jarkar mai, duk a kawo ofishin shugaban makaranta, ma'aji zai ba da rasit. Wanda ya yi alkawari bara, har yanzu muna sauraronsa.

Allah Ya ba da ikon taimakawa, Ya mayar da ninkin abin da aka fitar.

Kwamitin Iyaye da Malamai